Naman kaza mai tsagaggen haƙarƙari: yadda ake tantance shi da madubin likita a Garwa da arewacin Kamaru

Wanda ya taɓa jibge itacen girki a bayan ɗaki a Garwa har ruwan Yuli da Agusta ya dake shi, da wuya a ce bai ga wasu 'yan fararen abubuwa sun fito a jere a jikin icen ba, kowanne kamar ɗan mafici, girmansa bai cika wuce farcen babban yatsa ba. Yawanci kankare su ake yi, a cusa icen a murhu. Wannan ɗan abu dangin naman kaza ne, wanda wasu ke kira laimar kwaɗi. Sunansa na kimiyya Schizophyllum commune, da Faransanci kuma schizophylle commun. Masanin Suwidin Elias Fries ne ya raɗa masa sunan a 1815, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar "tsagewa" da "ganye". Ana samunsa a kowace nahiya in ban da Antaktika, inda babu itacen da zai ci.

Sanin sunansa na gaskiya ya shafi mutum uku. Akwai mai neman abin miya, domin ana cin sa a kudancin Kamaru da Kwango da wasu ƙasashe. Akwai mai lambu ko kafinta, domin yana ruɓar da ice. Akwai kuma likita, domin yana cikin 'yan tsirarun dangin naman kaza da ke iya shiga hanci da huhun ɗan Adam su zauna. Idan ya girma ya buɗe, ido ma na iya gane shi. Idan kuwa ƙarami ne, ko ya bushe ya ƙanƙance, ko kuma ya tsiro a farantin gwaji na asibiti ba hula ba komai, sai an koma ga madubin likita, wato microscope.

Kamanninsa a ido

Faɗin hularsa daga santimita 1 zuwa 4 ne. Ba shi da ƙafa, gefensa ne ke manne da ice kai tsaye. Bayansa na da gashi gajere mai kauri, fari ko ruwan toka, bakin hular kuma yakan lanƙwashe ciki, wani lokaci ya rarrabu kamar yatsu. Namansa siriri ne mai tauri kamar ƙirgi. Ba ya fashewa in an ja shi, sai dai ya miƙe.

A ƙarƙashin hular ne alamar da ta ba shi suna take. Akwai siraran layuka masu kama da haƙarƙari, sun taso daga inda ya manne da ice sun bazu zuwa baki, launinsu toka-toka mai ɗan ja. Da gilashin ƙara girma na hannu, mai ninki 10, za a ga kowane haƙarƙari ya tsage gida biyu a tsawonsa. In iska ta bushe, kowane ɓari sai ya naɗe baya ya rufe fuskar da ke fitar da iri. In ruwa ya taɓa shi, cikin ɗan lokaci sai ya warware ya ci gaba da zubar da iri kamar ba abin da ya faru.

Wannan dabara ce ta sa yake jin daɗin ƙasa irin ta Garwa, inda ruwan shekara bai wuce kimanin milimita 1,000 ba, kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba, sannan a yi wata shida ana rani, zafin Maris da Afrilu yana haura digiri 40. Yawancin naman kaza kwana biyu ko uku suke yi su narke. Shi wannan yakan bushe a jikin ice ya jira damina. Masanin nan A. H. R. Buller na Jami'ar Manitoba a Kanada ya taɓa rufe busassunsa a kwalaben gilashi da aka zuƙe iskarsu. Da aka buɗe wasu bayan fiye da shekara 30 aka jiƙa su, sun zubar da iri mai rai.

Ba ya zaɓen ice sosai. Yana fitowa a reshen mangwaro da aka sare, da kututturen darbejiya, da dirkar rumfa, da turken shinge, da gungumen da wutar daji ta babbake, har da karan rake. Yana cikin na farko da ke kama sabon yanka, kuma yana jure rana fiye da yawancin 'yan uwansa, shi ya sa ake ganinsa a saman tarin ice inda rana ke duka. Farin ɓangaren ice na kusa da ɓawo yake ci, ya bar shi fari, mara nauyi, mai saurin marmashewa. Idan aka gan shi a jikin bishiya mai rai, alama ce cewa wannan sashen ya riga ya mutu, ko ta sara, ko ta ƙuna.

Gwajin farko ba ya bukatar na'ura

Kafin a taɓa madubi, ana duba launin irin. A jiƙa hula ɗaya da ruwa mai tsabta har ta buɗe, a kifa ta a kan ɗan gilashin gwaji ko baƙar takarda, a rufe da kofi don kada iska ta ɗauke ƙurar, a bar ta ta kwana. Da safe za a ga ƙura ta zuba da siffar haƙarƙarin. Ta Schizophyllum fara ce. In ta fito ruwan ƙasa, to an kama wani abu dabam, mai yiwuwa dangin Crepidotus, waɗanda su ma ƙanana ne marasa ƙafa, masu fitowa a ruɓaɓɓen ice. Wannan gwajin na kwana ɗaya yana rage rabin aikin, kuma ƙurar da ta zuba a gilashin ita ce mafi kyau a auna, tunda ƙwayoyin da suka nuna ne kaɗai ke faɗowa.

Abin da madubi ke nunawa

Madubin da ake bukata ba wani na musamman ba ne. Shi ne dai wanda ake duba jinin zazzaɓin cizon sauro da shi a ɗakunan gwajin Garwa da Marwa da Gidar da Yola: idon da ke ninka abu sau 400, da wanda ake ɗiga wa mai ya ninka sau 1,000. Abin da ya kamata a ƙara shi ne ma'aunin da ake sakawa a cikin idon madubin, a daidaita shi kafin a fara. Ba tare da shi ba, duk maganar girma kintace ce. Ana awo da mikron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Jar ƙwayar jinin mutum mikron 7 zuwa 8 ce, kuma wannan ma'auni ne da duk ma'aikacin ɗakin gwaji ke da shi a ka.

Ƙwayoyin irin Schizophyllum commune ƙanana ne, dogaye, kamar ƙwayar shinkafa mai ɗan lanƙwasa. Tsawonsu kimanin mikron 4 zuwa 7, faɗinsu mikron 1.5 zuwa 2.5. Wato tsawon ƙwaya ɗaya bai kai faɗin jar ƙwayar jini ba. Jikinsu sumul yake, ba ƙaya ba ƙuraje, bangonsu siriri ne, ba su da launi. Ƙa'idar masana ita ce a auna ƙwaya 20 zuwa 30 waɗanda suka kwanta a gefe sosai, a rubuta mafi ƙanƙanta da mafi girma, sannan a raba tsawo da faɗi. A nan sakamakon yakan faɗo tsakanin 2 da 3, abin da ke nufin ƙwayar ta fi kama da sanda fiye da ƙwai. Littattafai sukan ɗan saɓa a kan adadin, domin wasu sun auna ƙwayoyin da aka kankaro daga busasshiyar hula, waɗanda ba duka suka nuna ba.

Gwaji na biyu shi ne na aidin. Ana ɗiga ruwan Melzer, wanda masanin ƙasar Cek Václav Melzer ya haɗa a 1924. Ƙwayoyin wasu nau'o'i sukan koma shuɗi mai duhu a cikinsa, kamar yadda kunun gero ko sitaci ke yi in aidin ya taɓa shi. Na Schizophyllum ba sa canjawa, sai ɗan rawayan ruwan kansa. Ruwan Melzer na da wahalar samu saboda ɗaya daga cikin sinadaransa, chloral hydrate, ana sa masa ido a ƙasashe da yawa. Ruwan Lugol, wanda ke kan kowane teburin gwajin bahaya, yana iya ba da haske a kan wannan tambayar, amma ya kamata a rubuta cewa da shi aka yi gwajin, don ba a kowane nau'i yake ba da amsa iri ɗaya da Melzer ba.

Daga nan sai a yanka. Da sabuwar reza ake yanko ɗan siririn ɓari a gicciyen haƙarƙarin, siririn da har ana ganin haske ta cikinsa. Nan ne masu koyo suka fi shan wahala, kuma kuskuren kusan kullum ɗaya ne: yankan ya yi kauri. Busasshiyar hula ta fi ɗanya sauƙin yanka. A sa ɓarin a ɗigon ruwan potas, wato KOH mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, ya kumbura ya koma yadda yake, a ƙara jan rini na rouge congo in akwai, a ɗora marufin gilashi a danna a hankali da bayan fensir.

A ƙaramin ninki za a fara ganin tsagar nan, ɓari biyu sun juya wa juna baya kamar ƙahon rago, da gashi a cikin tsagar. A babban ninki, fuskar da ke fitar da iri jere take da 'yan sanduna masu kama da kulki, ana kiransu basidiya, tsawonsu wajen mikron 20, kowanne na da 'yan ƙahoni huɗu a ka, kowane ƙaho na ɗauke da ƙwaya ɗaya. A tsakaninsu babu waɗannan dogayen ƙwayoyi marasa haihuwa da ake kira sistidiya. Rashinsu ma shaida ce, kuma mai duba ya kamata ya bi fuskar daga farko har ƙarshe kafin ya rubuta "babu".

Naman hular kuwa saƙa ce ta zaruruwa, kowanne faɗinsa 'yan mikron kaɗan. Zaren kamar karan dawa yake, yana da gaɓoɓi. A Schizophyllum zaren iri ɗaya ne kacal, ko da yake bangon da yawa daga cikinsu ya yi kauri, wanda shi ne sirrin taurinsa. A bakin gaɓa kuma akwai wani ɗan kumburi da ya tsallaka daga wannan ɗaki zuwa wancan, kamar mariƙin buta. Faransawa na ce masa boucle. Wannan mariƙin shi ne alama mafi daraja a duk binciken.

Masu kama da shi

Nau'o'in Pleurotus, waɗanda ake nomawa a leda ana sayarwa a biranen kudu, su ma farar ƙura suke zubarwa, amma namansu na da laushi, haƙarƙarinsu bai tsage ba, ƙwayoyinsu kuma sun fi tsawo, sukan kai mikron 8 zuwa 11. Hohenbuehelia na da sistidiya masu kaurin bango da ɗan ƙyalli kamar gishiri a ka, ba a ɓata su da komai. Resupinatus ƙarami ne baƙi-baƙi, namansa kamar kaurin kunu, ƙwayoyin yawancinsu zagayayyu.

Wanda ya fi koyar da darasi shi ne Lentinus squarrosulus, farin naman kaza mai ƙafa da ake ci a faɗin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Babbansa ba ya ruɗa kowa. Amma wanda aka ba shi ɗan gutsure kawai, ya auna ƙwayoyi ya tsaya nan, zai iya faɗawa rami, domin ƙwayoyinsa ma farare ne, dogaye, girmansu kusan ɗaya da na Schizophyllum. Bambancin yana cikin nama: Lentinus na da zare iri biyu, na biyun mai kaurin bango ne, mai rassa, ba gaɓa ba mariƙi. Awon ƙwaya kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an haɗa shi da saƙar zaren.

Me ya sa mariƙin ke ɓacewa wani lokaci

Ƙwayar iri ɗaya in ta tsiro, zaren da take fitarwa na da cibiya ɗaya a kowane ɗaki, kuma ba shi da mariƙi. Sai ya haɗu da wani zaren da jininsu ya zo daidai, su haɗe, kowane ɗaki ya zama da cibiya biyu. Aikin mariƙin shi ne tabbatar da cewa duk lokacin da ɗaki ya rabu, sabon ɗakin ya samu cibiya ɗaya daga kowane ɓangare. Saboda haka ganin mariƙi na nufin an riga an yi wannan haɗuwar.

A nan ne wannan ɗan abu na jikin itacen girki ya yi suna a duniyar kimiyya. Bajamushe Hans Kniep ya nuna a wajajen 1920 cewa wurare biyu ne a cikin gadonsa ke hukunta wanda zai haɗu da wane. John Raper na Jami'ar Harvard ya tattaro samfura daga sassan duniya a shekarun 1950, ya ga na wata nahiya na haɗuwa da na wata. Lissafin da ya fito daga aikinsa da na ɗalibansa shi ne wuri na farko na da siffa 288, na biyu 81, in aka ninka su sai a samu jinsi 23,328. Jaridu na son wannan adadi, sukan ce halitta ce mai jinsi dubu 23. Amfaninsa a wurin naman kazan mai sauƙi ne: kusan duk baƙon zaren da ya gamu da shi za su iya haɗuwa, amma cikin 'yan uwansa na hula ɗaya, ɗaya cikin huɗu ne kawai. An kammala karanta dukan gadonsa a 2010.

A asibiti

Rahoton farko na kamuwar mutum ya fito a 1950, a farcen wani majinyaci. A 1994 likitocin Japan suka bayyana shi a matsayin sanadin wani ciwon huhu mai kama da asma. Wani nazari da Anuradha Chowdhary da abokan aikinta na Delhi suka buga a 2013 ya tattara mutum 71 da aka ruwaito a duniya. Kusan kashi biyu cikin uku ciwon a huhu da hanyoyin numfashi yake, kusan kashi ɗaya cikin uku a kogunan hanci, kuma kusan rabin rahotannin daga Japan suka fito. Wannan adadi kaɗan ne ƙwarai in aka tuna cewa mutane na shaƙar ƙurarsa a ko'ina. Yawan rahoton Japan ya fi nuna inda ake neman sa da kayan aiki fiye da inda yake da yawa.

Ta shaƙar ƙwayoyin iri yake shiga jiki. Alamunsa su ne toshewar hanci ta gefe ɗaya da ta ƙi jin magani, ko tari mai majina mai kauri da shessheƙa. Duk wanda tari ya wuce masa mako biyu a arewacin Kamaru, gwajin tarin fuka ne farkon abin da zai nema, kuma kyauta ake ba da maganinsa. Maganar naman kaza na zuwa ne can baya, idan an kore abubuwan da suka fi yawa.

Matsalar ɗakin gwaji ita ce a cikin majina ko tsokar da aka ciro daga hanci, zarensa fari ne mai gaɓoɓi, kamar na Aspergillus, funfunar da aka fi sabawa da ita. A farantin Sabouraud yakan tsiro da sauri, fari kamar auduga, har a zafin jiki na digiri 37, da wani wari mai hawa kai, kuma ba ya fitar da ƙwayoyin da ake gane funfuna da su. Sau da yawa sai a ce datti ne ya shiga farantin a zubar. Mai haƙuri zai ɗebi ɗan zaren da allura, ya sa a rinin bleu coton, ya nemi abu biyu: mariƙin gaɓa, da wasu 'yan gajerun ƙayoyi da ke fitowa a gefen zaren kamar haƙoran mashaci. In an ga biyun tare, an kusa tabbata. In aka bar farantin makonni a inda haske ke samunsa, wani lokaci har 'yan maficin sukan fito a cikinsa.

Sai dai da yawa daga cikin waɗanda ake cirowa a jikin majinyata daga ƙwaya ɗaya suka tsiro, ba su haɗu da kowa ba, don haka ba su da mariƙi, ba kuma sa yin hula. A nan madubi ya kai iyakarsa, sai gwajin DNA. Haka ma rabe shi da ɗan uwansa Schizophyllum radiatum, wanda wani bincike na 2016 ya samu a hanyoyin numfashin majinyata, kamanninsu kuma kusan ɗaya.

Ci da ajiya

A Meziko da Tailan da Maleshiya da jihar Manipur ta Indiya ana sayar da shi a kasuwa, a wasu wuraren har noma shi ake yi. Ana wanke shi a dafa shi sosai saboda taurinsa, wasu kuma sukan daka. Littattafan Turai na cewa ba a cin sa, amma taurin suke nufi, ba guba ba. Abin kiyayewa shi ne kada a ci wanda ya fito a turken lantarki ko katakon da aka shafa wa maganin gara, kada a kai shi hanci ana sunsuna, kuma kada a ajiye jiƙaƙƙen icen da ya cika da shi a ɗakin kwanan mai asma ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Amincinsa kuma bai shafi sauran ba: babbar farar laimar nan Chlorophyllum molybdites, mai fitowa a ciyawa da damina, tana sa amai da zawo mai tsanani, ana gane ta da ƙurarta mai launin kore.

Binciken naman kaza a Kamaru ya daɗe. Tun shekarun 1890 Paul Hennings na Balin ya bayyana nau'o'in da aka aiko masa daga ƙasar. A wannan zamani akwai aikin Dominique Claude Mossebo na Jami'ar Yawunde ta Ɗaya, da littafin Clovis Douanla-Meli na 2007 a kan dajin Mbalmayo. Mafi yawan wannan aiki a kurmin kudu da tsaunukan yamma aka yi shi. Dazukan doka da maje na Binuwai da Faro da Buba Njidda ba su samu irin wannan kulawar ba. Garwa kuwa na da Makarantar Namun Daji, École de Faune, tun 1970 tare da ma'ajiyar tsirranta, ga kuma Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, ban da na Ngaundere da Marwa. Ɗalibin da ke son fara tara samfuri ba zai samu abin koyo mai sauƙi kamar wannan ba, tunda ba ya ruɓewa a hanya.

Ana yanko shi ne tare da ɗan ɓawon da ya manne a kai, a ɗauki hotonsa sama da ƙasa tun yana jiƙe, a shanya shi a inuwa mai iska ko a ɗumin da bai wuce digiri 40 ba. A takarda ake naɗe shi, domin leda na tara gumi ta jawo funfuna. Ƙananan ƙwari na son sa ƙwarai, don haka bayan ya bushe ana sa shi a firiza na wasu kwanaki kafin a adana. A jikin takardar a rubuta ranar da aka tsinto shi, da sunan gari ko daji, da irin icen da ya fito a kai, da ko icen na tsaye ne ko yankakke ko ƙonanne, da launin ƙurar, da sunan wanda ya tsinto.